Yadda ake juya Mazda MX-5 daga fetur zuwa lantarki a gida

Ba kowace mota ce ta cancanci wannan wahalar ba. Wadda ake so ita ce mara nauyi, mai giyar hannu, wadda tsatsa ba ta ci ƙarƙashinta ba. Shi ya sa masu wannan aiki suke yawan ɗaukar Mazda MX-5 ta farko, wadda aka ƙera daga 1989 zuwa 1997, a Amurka kuma ake kiranta Miata. Kujera biyu gare ta, nauyinta kusan kilo 1,000 ne, injin yana gaba, tayoyin baya ne ke tura ta. Idan akwai zaɓi, a ɗauki mai injin lita 1.8 ta 1994 zuwa sama, domin difaranshal ɗinta ya fi na mai lita 1.6 girma da ƙwari, kuma injin lantarki ba ya tausayin ƙaramin difaranshal.

Tsarin da za a bi a nan shi ne mafi sauƙi ga mai aiki a gida: a bar giyabos da kuloci da furofela yadda suke, a cire injin fetur, a ɗaura injin lantarki a gurbinsa.

Kayan da za a tanada

Injin lantarki NetGain HyPer 9 tare da kwantirolarsa AC-X1, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke shiga injin. Nauyin injin kusan kilo 60 ne, ƙarfin juyinsa ya kai Nm 235, kwantirolar kuma tana aiki daga volt 62 zuwa 130, tana jan wuta har amfiya 750. Injin fetur mai lita 1.6 kuwa Nm 136 kawai yake bayarwa, shi ma sai ya yi gudu sosai.

Tubalan batir guda 5 daga Tesla Model S. Kowane tubali yana ɗauke da ƙwayoyin batir 444, an jera su rukuni 6, kowane rukuni ƙwaya 74. Yana ajiye kusan kWh 5.3, yana ba da kusan volt 22.8, nauyinsa kilo 25, tsawonsa santimita 68, faɗinsa 30, kaurinsa bai kai 8 ba. Guda biyar a jere sun zama rukuni 30, kusan volt 114, kWh 26, kilo 125. Kada a ƙara na shida. Idan biyar sun cika maƙil suna kai volt 126, wato dab da iyakar kwantirola. Shida za su haura 150, su ƙona ta.

Sai na'urar BMS mai gadin batir, irin Orion BMS 2. Caja mai kilowat 3.3 da BMS zai iya kunnawa da kashewa; na'urar da ke rage wutar babban batir zuwa volt 13.8 domin ƙaramin batir. Kwantakta guda biyu irin Kilovac EV200, wato manyan makunnai masu haɗawa da yanke wutar babban batir. Fiyus na wutar DC. Makashin hannu na tsakiyar batir. Kebul ruwan lemo mai kaurin mm² 70. Famfon iska na birki irin Hella UP28 da tankinsa. Famfunan ruwa masu volt 12 da ƙaramin lagireto. Fedar totur mai wuta. Farantin alminiyam na haɗa inji da giyabos, da ƙarfen da zai riƙe filawil, wato faifan ƙarfen da kuloci ke kamawa, a kan sandar injin.

Lissafin tafiya kuwa, ƙaramar mota irin wannan tana cin kusan Wh 150 a kilomita ɗaya idan ana tuƙi da hankali. Ba a shanye batir duka, kashi 80 cikin 100 ake amfani da shi, wato kWh 21. A raba, za a samu kilomita 140. Mai taka totur da ƙarfi ba zai ga wannan adadi ba.

Kafin a taɓa sifana

A auna motar tana da fetur rabin tanki. Idan za a samu sikelin da ake sawa ƙarƙashin kowace taya, ya fi. Idan babu, a je ma'aunin manyan motoci a auna gaba daban, baya daban. MX-5 ta yi suna ne saboda nauyinta ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, kuma wannan ne dalilin daɗin tuƙinta a kwana. Wanda ya jibge batir duka a but ya lalata abin da ya sa aka so motar tun farko. A kuma auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin mudugadi, a rubuta. Da waɗannan lambobi za a gane ko sifirin yana bukatar canji a ƙarshe.

A ɗauki hoton kowace waya kafin a cire ta, a manna mata takarda da suna.

Cire injin fetur

A cire kan ƙaramin batir, wanda a wannan mota yana cikin but. A zuƙe fetur, a tsiyaye baƙin mai da ruwan lagireto, a kai wa mai gyaran iyakwandishan ya zuƙe iskar gas ɗin. A cire salansa, lagireto, altanato, kik da bututun fetur. Inji da giyabos sun fi sauƙin fita tare, bayan an kwance doguwar gadar alminiyam da ta haɗa giyabos da difaranshal. Kafin a kwance ta, a auna tsayin giyabos daga gangar mota, domin a mayar da shi daidai wurinsa. Idan ya karkata, furofela za ta riƙa kaɗawa a gudu.

Tankin fetur yana bayan kujeru, kuma ba ya fita sai an sauke ƙarafan da ke riƙe da ƙafafun baya. Kada a yi walda ko yankan ƙarfe a jikin motar sai tankin ya fita daga garejin gaba ɗaya. Tankin da babu fetur ya fi cikakke haɗari, tururin da ya rage a ciki ne ke fashewa.

Da an raba inji da giyabos, akwai awo ɗaya da bai kamata ya wuce ka ba. Filawil yana nan a jikin inji, ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa, ka auna tazarar da ke tsakanin fuskar filawil da fuskar injin da giyabos ke ɗaurewa a kai. Ka auna a wuri uku, ka rubuta har da ɗigon milimita. Dole filawil ya zauna a wannan tazarar a kan sabon injin. Idan ya matsa kusa da giyabos, kuloci zai riƙa zamewa. Idan ya yi nesa da giyabos, kuloci ba zai saki giya ba.

Farantin haɗi

A nan ne yawancin ayyukan gida suke lalacewa, kuma lalacewar ba ta bayyana ranar farko. Sandar injin lantarki da sandar giyabos dole su kasance a layi ɗaya, kuskuren kada ya wuce milimita 0.1. Idan ya wuce, motar za ta yi tafiya lafiya na 'yan watanni, daga nan boris ɗin gaban giyabos ya fara kuka, farantin kuloci ya tsage a tsakiya, wani lokaci har boris ɗin injin lantarkin ya tafi.

Noti da ƙusa ba su ne ke daidaita giyabos ba, ramukansu suna da sako-sako. Abin da ke daidaita shi su ne 'yan turakun ƙarfe guda biyu da ke shiga ramuka tsakanin inji da giyabos. Saboda haka kada a ɗora takarda a zana ramuka da fensir a huda da hannu. Ko dai a sayi farantin da aka riga aka yi wa MX-5 da HyPer 9, ko a kai giyabos ɗin kansa da injin wurin masu injin sassaƙa ƙarfe su auna ramukan turakun daga tsakiyar sanda. Alminiyam 6061 ake amfani da shi.

Ƙarfen riƙe filawil yana hawa kan sandar injin mai kaurin milimita 28.6, mai tsagar makulli. A sa nau'in da ke matse sanda idan an ɗaure shi, kada a dogara da ƙaramar ƙusar gefe, tana kwancewa. Bayan an ɗora filawil, a ɗaure ƙusoshinsa da ƙarfin Nm 96 zuwa 103 tare da gam ɗin kulle zare, a kafa agogon awo a fuskarsa, a juya shi da hannu. Idan allura ta yi rawa fiye da milimita 0.1, a kwance a sake. A sa sabon ƙaramin boris a tsakiyar filawil, inda bakin sandar giyabos ke shiga. Ana iya cire haƙoran da kik ke kamawa tunda an daina bukatarsu, amma duk filawil ɗin da aka rage wa ƙarfe sai an sake daidaita nauyinsa.

Kulocin kamfani ba zai riƙe Nm 235 ba, musamman da yake injin lantarki yana ba da ƙarfinsa tun daga tsaye. A sa wanda aka yi wa injin mai tabo (turbo), wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi.

A mayar da inji da giyabos cikin mota, a ƙera ƙafafun ƙarfe daga jikin injin zuwa robobin da tsohon injin ke zama a kai. Robobin su kasance sabbi.

Batir

Tun a wurin saye ake fara aikin. A auna rukuni shidan kowane tubali ɗaya bayan ɗaya. Bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce volt 0.03, kuma tubalin da aka samu wani rukuninsa ƙasa da volt 3 a bar wa mai shi. A duba ta cikin murfin roba: kowace ƙwaya tana haɗe da siririyar waya wadda ita ce fiyus ɗinta, idan da yawa sun tsinke rukunin ya rage ƙarfi. Koren tsatsa a jiki yana nufin ruwa ya taɓa shi. Kafin a jera su, a caja ko a rage kowanne har duka biyar su zo daidai, domin BMS yana daidaita ƙaramin bambanci ne kawai, kuma a hankali.

Rabo mai kyau shi ne uku a gaba, sama da injin kuma can baya kusa da gilashi gwargwadon iko, biyu a baya kusa da gurbin tanki. A yi samfurin kowane tubali da kwali a gwada kafin a yanka ƙarfe, a tabbata bonet yana rufuwa. Akwatunan su kasance na ƙarfe ko alminiyam, a ɗaure su a jikin shasi da faranti a ƙarƙashin kowace ƙusa, ba a jikin siririn kwanon but ba. Tubalin yana rataya ne ta layukan gefensa. Kada a ɗora ɗaya kan ɗaya kai tsaye. A rufe akwatin daga ruwa da ƙura, a bar masa hanyar fitar hayaƙi da ke kallon ƙasa, nesa da mazaunin direba.

Zafi ne babban abokin gabar wannan batir. Inda rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kamar Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, motar da aka ajiye a rana batirinta ya riga ya kusa iyakarsa kafin a kunna ta. Don haka bututun ruwan da ya ratsa cikin kowane tubali ba ado ba ne, a haɗa shi. A raba ruwan daga babban bututu zuwa kowane tubali daban, kada a bi da shi daga na farko zuwa na biyar, na ƙarshen zai sha ruwan da ya riga ya yi zafi. Ruwan sanyaya inji na gilaikol ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa. A gwada bututun da iska mara ƙarfi kafin a zuba ruwa, yoyo a cikin akwatin batir gobara ce. Kwantirola ma tana zama a kan farantin sanyaya, kuma ya fi kyau ta samu hanyar ruwanta daban, domin ita tana jure zafin da batir ba ya jurewa. A sa BMS ya hana caji idan batir ya kai digiri 45.

Wayoyin babbar wuta

Wutar DC da ta wuce volt 60 tana iya kisa. Ko tubali ɗaya, da volt ɗinsa 22, idan sifana ta faɗa tsakanin kawunansa za ta narke ta watsa wa fuska ƙarfe. A cire zobe da agogo, a sa safar hannu ta roba mai lambar aji 0 wadda ke jure volt 1,000, da tabarau, a yi aiki da sifana mai rufin roba, a rufe duk kan da ba a aiki a kansa. Kada mutum ya yi wannan sashe shi kaɗai a gareji.

A motar fetur gangar mota ce ke ɗaukar wutar dawowa. A nan haramun ne. Babban batir ba ya taɓa gangar mota ta kowane ɓangare, kebul biyu ne ke tafiya, na zuwa da na dawowa, a cikin bututun kariya, nesa da furofela da kaifin ƙarfe.

Jerin shi ne: daga kan batir mai alamar tarawa zuwa fiyus, kusa da batir sosai, sannan kwantakta, sannan kwantirola. Ɗaya kwantaktar tana kan ɓangaren ragewa. Makashin hannu yana tsakanin akwatin gaba da na baya, idan an zare shi batir ya rabu biyu. Tunda akwati biyu ne, kowanne ya samu fiyus ɗinsa. Fiyus ɗin ya kasance an rubuta masa DC a jiki, volt 150 ko sama, amfiya 500 zuwa 600. Fiyus ɗin wutar gida ba ya iya kashe tartsatsin DC, wutar za ta ci gaba da tsallakawa bayan ya narke.

A cikin kwantirola akwai kafasito masu zuƙar wuta mai yawa a ƙiftawar ido. Idan kwantakta ta rufe suna wayam, tartsatsin zai manne bakinta, ta ƙi buɗewa ko an kashe makulli. Maganinsa shi ne a fara cika su a hankali ta wata siririyar hanya kafin babbar kwantakta ta rufe. A bi zanen da ya zo da kwantirolar a wannan wuri ba tare da sauya komai ba. Bayan an kashe mota kuma, a jira minti biyar, a auna da mita a ga wuta ta sauka kafin a taɓa kawunan kwantirola.

Kawunan kebul a matse su da matsi mai ƙarfin mai, kada a buga da guduma, kada a cika da dalma. Ƙusoshin kan tubalin Tesla kusan Nm 9 kawai suke so, wanda ya wuce haka zai karya kan. Haɗin da bai ɗauru ba yana yin zafi: a amfiya 500, sako-sakon da ya kai kashi ɗaya cikin dubu na om, ma'aunin turjiya ga wuta, yana fitar da wat 250 a wuri ɗaya, ya isa ya narkar da roba.

Wayoyin BMS 'yan sirara ne, ɗaya ga kowane rukuni. A haɗa su a jikin batir tukuna, filogin yana cire daga BMS, a auna kowane baki da mita a ga wuta tana hawa daki-daki, kusan volt 3.7 kowane mataki. Waya ɗaya a wurin da ba nata ba ta isa ta ƙona na'urar. Wayoyin akwatin gaba da na baya su shiga filogi daban-daban masu rabuwa a cikin BMS. Idan ba haka ba, ranar da fiyus ya ƙone ko aka zare makashi, wutar za ta nemi hanya ta cikin na'urar. A saita iyakar sama a volt 4.1 ga kowane rukuni, ta ƙasa a 3.3. An rasa 'yan kilomita, amma batir zai daɗe.

Kafin a kunna, a gwada rabuwar babbar wuta da gangar mota da mita mai gwajin rufi, bayan an cire kwantirola da BMS da caja daga layin. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta motocin lantarki ta ce aƙalla om 100 ga kowane volt na DC, amma sabon aiki mai tsabta yana nuna miliyoyin om. A ƙara makashin da ke yanke wutar kwantakta idan mota ta yi karo.

Birki, sitiyari da ƙananan wuta

Bustar birki tana aiki ne da iskar da injin fetur ke zuƙa. Da injin ya tafi, feda za ta yi tauri kamar dutse. A haɗa famfon iska da tanki da bawul mai hana iska komawa, da maɓallin da ke kunna famfon idan zuƙar ta ragu. Gwaji: a kashe famfo, a taka birki; ya kamata a samu taki biyu ko uku masu laushi kafin ya yi tauri.

Wasu MX-5 sun zo da sitiyari mara fawa, kuma ya wadatar a mota mai wannan nauyi. Mai son fawa ya sa famfon lantarki irin na Toyota MR2, da fiyus ɗinsa daban domin yana jan wuta. Ƙaramin batir yana nan, shi ke kunna kwantakta da fitilu, na'urar rage wuta ce ke cika shi a madadin altanato. Agogon gudu yana karɓar juyi daga giyabos ta igiya, don haka zai yi aiki ba tare da an taɓa shi ba.

Caji

Caja mai kilowat 3.3 tana jan kusan amfiya 15 a wutar volt 230. Soket ɗin bango mai amfiya 13 zai yi zafi ya narke. A ja layi na musamman da waya mm² 4, soket mai amfiya 16, waya ta ƙasa mai kyau, da makashin yoyon wuta na miliamfiya 30. Cika kWh 21 yana cin kusan awa 7. Mai dogaro da sola zai bukaci faranti na kusan kilowat 5 domin ya cika ta a yini ɗaya. A haɗa wayoyin ta yadda mota ba za ta motsa ba matuƙar filogin caji yana jiki, kuma BMS ne zai riƙa ba caja izini. Cajar da ke aiki ba tare da shi ba, za ta ci gaba da ɗura wuta a rukunin da ya riga ya cika.

Kunnawar farko

A ɗaga tayoyin baya a kan turakun ƙarfe, giya a firi. A haɗa kwamfuta da kwantirola ta manhajar SmartView, a loda saitin injin, a yi gwajin da kwantirola ke koyon matsayin na'urar gane juyin injin. Idan an tsallake shi, injin zai yi gurnani ko ya juya a hargitse. A tabbata yana juyawa ta inda injin fetur ke juyawa. A rage iyakar wuta zuwa amfiya 150, iyakar juyi zuwa 6,500 a minti. Injin yana iya kai 8,000, amma filawil da kuloci ba don haka aka yi su ba, kuma kada a taka totur giya tana firi.

A sauke ta, a yi zagaye a fili, a gwada birki tun kafin gudu. Bayan minti goma a tsaya, a auna zafin kowane haɗin kebul da ma'aunin zafi na nesa. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi a kashe wuta a sake ɗaure shi. A riƙa ƙara amfiya mataki-mataki ana kallon BMS: rukunin da ya fi sauran faɗuwa idan an taka totur shi ne mai rauni.

Tashi daga tsaye ba ya bukatar kuloci, a sa giya a taka totur. Da difaranshal mai 4.1 da tayoyin 185/60R14, giya ta biyu tana kai gudun kilomita 70 a awa a juyi 5,000, ta uku kilomita 100, saboda haka biyun nan sun isa cikin gari. Giya ta ɗaya da cikakken totur ita ke karya difaranshal. Birkin inji mai mayar da wuta cikin batir a fara shi da kaɗan, domin tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, a kan kwalta mai ruwa ko yashi yana iya juya bayan mota, kuma a sa BMS ya rage shi idan batir ya cika.

A sake auna nauyi da tsayin mudugadi a kwatanta da lambobin farko. Idan wani gefe ya zauna fiye da santimita ɗaya, a canza sifirin, a sake daidaita tayoyi. Takardun motar suna ɗauke da lambar injin da aka cire, don haka a kai ta ofishin duba motoci a gyara su, a kuma sanar da kamfanin inshora kafin ta hau babban titi. Bayan kilomita 100 na farko a zare makashin tsakiya, a bi ƙusoshin farantin haɗi, ƙafafun inji, akwatunan batir da kawunan kebul, a sake gwada ɗaurinsu ɗaya bayan ɗaya.